Neman gurbin Rana a cikin taurari: littafin aiki

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Yau na fara wannan aiki, kuma na ƙudurta rubuta abin da na yi da abin da na kashe, domin wanda zai maimaita shi a wata makarantar ya san inda na yi tuntuɓe. Tushensa tambaya ce da wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ta yi mini a darasin haske: "Malam, idan Rana tauraruwa ce kamar sauran, babba ce a cikinsu ko ƙarama?" Na ba ta amsar da na haddace, cewa Rana matsakaiciya ce, amma tun kafin in rufe baki na ji amsar ba ta gamsar da ni ba, balle ita.

Abu uku nake so in yi kafin azumi. Zan haɗa akwatin rarraba haske da kwali da faifan CD, domin ɗalibai su gani da idonsu abin da masana ke dubawa idan za su sa tauraro a wani rukuni. Zan riƙa fita kallon sama ina rubuta launin taurari masu haske. Sannan zan zana babbar taswira ta zafi da haske a bangon ɗakin gwaji, in sa Rana a gurbinta.

Da misalin ƙarfe tara na dare na fita bayan unguwarmu a nan Dutse tare da yara uku na maƙwabta. Abin da ya fi komai haske a gabas ba tauraro ba ne, duniyar Jupita ce, tana zaune kusa da Dabaran, wanda Turawa suka ari sunansa daga Larabci suke ce masa Aldebaran. Kaza da 'Ya'yanta suna sama da su.

Talata, 10 ga Disamba

Sayayya: reza guda huɗu, naira 400, baƙin salatef, naira 800, gam, naira 600. Kwalin takalmi da tsofaffin faifai biyar na samu kyauta wurin wani mai gyaran kwamfuta.

Asabar, 14 ga Disamba

Akwatin farko bai yi ba, kuma na ɓata yinin gaba ɗaya kafin in gane dalili. Na tsaga kwalin da wuƙa a gefe ɗaya domin haske ya shiga, na kafa gutsuren faifan a karkace a ɗaya gefen, na huda ƙofar leƙawa a sama. Da na nufi ƙwan lantarkin ɗakina sai na ga launuka masu kyau, daga ja zuwa shuɗi, amma duk sun narke cikin juna, babu ko layi ɗaya da ya fito daban.

Kuskure biyu ne suka haɗu. Na farko, tsagar ta yi faɗi, ta kusa milimita uku, kuma bakinta ba santsi. Kowane layi da ake gani a irin wannan na'ura hoton tsagar ne da kansa a launi guda, saboda haka idan tsagar ta yi faɗi hotunan za su hau kan juna su shafe abin da ake nema. Na biyu, ƙwan da na gwada irin na zamani ne, LED, wanda haskensa a shimfiɗe yake, ba ya fitar da siraran layuka ko da akwatin ya yi daidai. Haka kuma haske yana satar hanya ta kusurwoyin kwalin, cikinsa kuma fari ne, yana mayar da hasken ta ko'ina.

Abin da zan yi: in manna reza biyu baki da baki, in bar tsakaninsu kaurin takarda ɗaya, in shafe cikin akwatin da baƙin fenti, in koma ga faifan DVD, domin tazarar zanen da ke jikinsa maikiromita 0.74 ce, ta CD kuwa 1.6 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), wato DVD ya fi buɗa launukan.

Talata, 17 ga Disamba

Alhamdu lillahi, akwati na biyu ya yi. Ƙaramin gwangwanin baƙin fenti ya ci naira 1,500. A wani shagon ɗinki na samu dogon ƙwan lantarki irin na da, mai shagon ya ba ni izini na gwada, nan take siraran layuka suka bayyana, ɗaya kore shar, ɗaya shuɗi mai duhu. Tururin zaibar da ke cikin ƙwan ne ke fitar da su, a tsawon zangon haske na nanomita 546 da 436 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Da na dawo gida na barbaɗa gishiri a kan harshen murhun gas, sai layi ɗaya tak mai ruwan ɗorawa ya tashi, na sodiyam, a nanomita 589. Na maimaita sau huɗu, kullum a wuri ɗaya yake fitowa. Wannan shi ne ginshiƙin ilimin baki ɗaya: kowane sinadari yana da nasa layukan da ba ya tarayya da wani a cikinsu, kamar yadda a da ake gane asalin mutum ta tsagar fuskarsa.

Asabar, 21 ga Disamba

Da hantsi na shimfiɗa farar takarda a tsakar gida na nufe ta da akwatin. Ban nufi Rana kai tsaye ba, kuma zan rubuta wannan gargaɗi a jikin akwatin kafin ya shiga hannun ɗalibai, domin hakan na iya lalata ido. Minti goma na farko ban ga komai ba sai launuka. Sai da na lulluɓe kaina da baƙin mayafi, na ƙara matse rezojin, sannan na hango wani siririn baƙin layi a cikin ruwan ɗorawa, daidai inda gishiri ya haska ranar Talata. Bayansa na ga wani a cikin kore, na maganiziyam, da wani inda kore ke shiga shuɗi, na haidirojin, a nanomita 486.

Na daɗe a tsugune ina kallonsu. Bajamushe Joseph Fraunhofer ya fara auna waɗannan layuka a 1814, ya lissafa fiye da 500, ya rasu bai san abin da ke haddasa su ba. Sai a wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka nuna cewa iskar da ta lulluɓe Rana, wadda ba ta kai cikinta zafi ba, ita ce ke shanye haske a daidai wuraren da sinadaranta za su haska da an ƙona su. Wato gishirin ɗakin girkinmu da sararin Rana sinadari ɗaya suke nunawa, ɗaya da layi mai haske, ɗaya da baƙi.

Kyamarar wayata ta kasa ɗaukar layukan, tana ta sauya haske da kanta. Na zana su da fensir.

Talata zuwa Juma'a, 24 zuwa 27 ga Disamba

Hazo ya rufe gari. Ko Jupita da ƙyar ake ganinta. Ban yi komai ba sai karatu.

Lahadi, 29 ga Disamba

Sama ta washe, babu wata, kuma an ɗauke wuta a unguwa, wanda a wannan dare ya yi mini amfani. Na aro madubin hangen nesa mai ido biyu. Na gano cewa idan na ɗan karkatar da saitinsa har tauraro ya zama ɗan faifai maimakon ɗigo, launinsa ya fi fitowa.

Masana suna jera taurari a rukuni bakwai bisa zafin fuskarsu: O, B, A, F, G, K, M. A daren nan na samu wakilin kowanne. A cikin taurari ukun nan da ke jere a ƙugun Jauza'u (tarin taurarin da Turawa ke kira Orion), na gefe biyu, Alnitak da Mintaka, 'yan rukunin O ne, masu zafin da ya kai digiri 30,000 a ma'aunin Kelbin. Rigel, fari mai ratsin shuɗi, B ne, kimanin digiri 12,000. Shi'ira, wanda ake kira Sirius, mafi haske a taurarin dare, A ne, ya kusa 10,000. Procyon F ne. Dabaran K ne, launin lemo, wajen 3,900. Betelgeuse kuwa M ne, ja, wajen 3,600. Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne jan tauraro ne mafi ƙarancin zafi, shuɗi kuma mafi zafi, sai na tuna musu da ƙarfe a maƙera, wanda yake fara yin ja, idan aka ci gaba da zuga ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya yi fari.

Rukunin G, na Rana, shi ya fi ba ni wuya. Capella yana da haske kuma G ne, amma ƙato ne, ba irin Rana ba. Na kwashe kusan rabin sa'a kafin in samu Tau Ceti a kudu, wani ɗan tauraro maras ɗaukar ido, alhali tazararsa ba ta kai tafiyar haske ta shekara 12 ba. Wannan ya tsaya mini a rai: ɗan'uwan Rana, kuma maƙwabci na kusa, amma da ba da taswira ba da ban kula da shi ba.

Wani dattijo malamin zaure da ke dawowa daga ta'aziyya ya tsaya ya tambaye ni abin da nake nema. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, launin taurari nake dubawa." Ya nuna mini Shi'ira, ya karanto ayar Suratun Najmi da ta ambace shi, sannan ya ce in jira tsakar dare Suhailu zai miƙe a kudu. Na jira, ya kuwa miƙe. Shi ne Canopus, na biyu a haske bayan Shi'ira.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yinin karatu. Tambayar da na san ɗalibai za su yi ita ce me ya sa haruffan ba su bi tsarin abacada ba. Amsar tana cikin tarihin ɗakin nazarin taurari na Harvard a Amurka, inda Edward Pickering ya ɗauki mata aikin duba hotunan bakan hasken taurari da aka ɗauka a kan gilashi. Williamina Fleming ta jera su bisa ƙarfin layukan haidirojin, mafi ƙarfi A, mai bi masa B, haka har zuwa can cikin haruffa. A 1901 Annie Jump Cannon ta zubar da yawancin haruffan, ta sake jera sauran yadda layukan sinadarai za su riƙa sauyawa sannu a hankali daga rukuni zuwa rukuni, ta kuma raba kowanne gida goma, daga 0 zuwa 9. Kundin Henry Draper, wanda ya fito tsakanin 1918 da 1924, yana ɗauke da taurari 225,300, kuma ita ce ta rarraba su.

Abin da na fi jin daɗin fahimta shi ne dalilin da ya sa jerinta ya zama jerin zafi. Ba wai taurarin A sun fi sauran yawan haidirojin ba ne. Zafinsu ne ya yi daidai da wanda haidirojin ke buƙata kafin ya shanye hasken da ido ke gani. Idan zafin ya gaza, kamar a K da M, ba ya motsuwa. Idan ya wuce kima, kamar a O, lantarkinsa ya fizge ya bar shi, babu abin da zai shanye hasken. Lissafin Meghnad Saha na Indiya a 1920 ne ya buɗe wannan ƙofa, Cecilia Payne kuma ta yi amfani da shi a 1925 ta nuna cewa taurari kusan duka haidirojin ne da hiliyam, ko da wane harafi aka ba su.

Zafin fuskar Rana digiri 5,772 ne, shi ya sa take G2, wato a ɓangaren G mai zafi. Tau Ceti G8 ne.

Asabar, 11 ga Janairu

An koma makaranta ranar Litinin, shugaban makaranta ya ba ni bangon ɗakin gwaji na gabas. Farar takarda mai kauri guda shida, naira 3,000. Maka kala huɗu, naira 2,400.

Na yi asarar takarda huɗu. Na zana layin zafi yana ƙaruwa daga hagu zuwa dama, yadda muka saba a darasin lissafi, sai da na gama da maka sannan na kwatanta da littafi na ga taswirar masana akasin haka take, O mafi zafi a hagu, M a dama, domin ta gaji jerin haruffan Harvard. Da zan iya barin tawa a haka, amma ɗalibin da ya saba da ita zai rikice duk ranar da ya buɗe wani littafi. Kuskure na biyu ya fi wannan muni. A layin tsaye na fara sa hasken da ido ke gani daga nan, har Shi'ira ya hau saman Rigel, alhali Shi'ira yana tazarar shekarar haske 8.6 ne kawai, Rigel kuwa wajen 860. Abin da Ejnar Hertzsprung na Denmak da Henry Norris Russell na Amurka suka sa a taswirarsu, a 1911 da 1913, hasken tauraro ne na asali. Na yanke shawarar in auna kowa da Rana: ita ce 1, kowane mataki sama ninki goma, kowane mataki ƙasa kashi ɗaya cikin goma.

Sabuwar takarda, naira 2,000. Wannan karon da fensir zan fara.

Alhamis, 16 ga Janairu

Wani ɗalibi ya zo da murna ya ce ya samo sabon ɗan rukunin M a gabas, ja mai haske, kusa da tagwayen nan Castor da Pollux. Duniyar Mas ce, wadda a makon nan take kishiyar Rana, tana fitowa lokacin da Rana ke faɗuwa. Janta na tsatsar ƙasarta ne, haskenta kuma aron na Rana. Na yaba masa, domin ya fita ya duba da kansa.

Asabar, 25 ga Janairu

Tare da ɗalibai takwas muka yanka takardu masu launi muka liƙa taurari ashirin mafi haske a samaniya. Da muka ja baya muka duba, Rana ce a can ƙasan kowa. Babu ko ɗaya cikin ashirin ɗin da bai fi ta haske ba: Shi'ira sau 25, Rigel kimanin sau 100,000. Ɗalibar da ta yi tambayar farko ta ce, "To Malam, ashe ƙarama ce." Na ce mata ta dakata har mako mai zuwa.

A nan ne harafi da lamba suka gaza, domin Capella da Rana duk G ne, amma ɗaya ya fi ɗaya haske nesa ba kusa ba. Idan zafi ɗaya ne haske kuma ya bambanta, to girman jiki ne ya bambanta. Wannan ne ya sa William Morgan da Philip Keenan da Edith Kellman na ɗakin nazarin Yerkes suka ƙara lambar Romawa a 1943: I ga gagga-gaggan ƙattai irin Rigel da Betelgeuse, III ga ƙattai irin Dabaran, wanda faɗinsa ya ninka na Rana kusan sau 44, V kuma ga waɗanda ke kan babban gwadaben da ya ratsa taswirar daga saman hagu zuwa ƙasan dama, masu mayar da haidirojin hiliyam a cikin cibiyarsu. Cikakken sunan rukunin Rana G2V ne. Ana kiran 'yan wannan gwadabe wadanni, kuma a ganina sunan yana ɓatar da mai koyo, tunda ba don ƙanƙanta aka sa shi ba, don a bambanta su da ƙattai ne kawai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau taswirar ta juye. Mun liƙa taurarin da suka fi kusa da mu, waɗanda ba su wuce shekarar haske 12 ba, da wani launin gefe daban domin a bambanta su da na makon jiya. Jar takarda ta ƙare mana tun ba mu kai rabi ba, sai da na aika aka ƙaro ta naira 500. Proxima Centauri, mafi kusa duka, a shekarar haske 4.2, haskensa bai kai kashi ɗaya cikin 500 na Rana ba. Tauraron Barnard, Wolf 359, Lalande 21185, Ross 154, Ross 128, duk jajayen wadanni ne 'yan rukunin M, sun taru cunkus a kusurwar ƙasa ta dama, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ido ke gani ba tare da madubi ba. A duk wannan unguwa uku ne kacal suka fi Rana haske: Shi'ira, Procyon, da babban tauraron Alpha Centauri. Abokin Shi'ira, farin wada, ya faɗa a ƙasan hagu, mai zafi ƙwarai amma girmansa kamar na duniyarmu.

Kimanin kashi uku cikin huɗu na taurari 'yan rukunin M ne. Ashe samaniyar da muke kallo da dare ba ta nuna mana yawancin taurari, tana nuna mana 'yan tsirarun da haskensu ke iya ketare nisa ne. Da za a kai Rana tazarar shekarar haske 32.6, inda masana ke ajiye kowane tauraro a lissafi domin kwatance, da darajar haskenta ta zama 4.8 (a wannan ma'auni, ƙaruwar lamba raguwar haske ce), wato ɗigon da sai a dare mai duhu za a gan shi. Duk da haka ta fi mafi yawan taurari nauyi da haske. Na gyara amsata a gaban aji: Rana tana tsakiyar taswira idan zafi da haske ake dubawa, amma idan ƙidayar taurari za a yi, tana cikin na gaba-gaba. Ɗalibar ta rubuta duka biyun a littafinta.

Na ƙara ɗigo-ɗigon layi daga gurbin Rana zuwa saman dama, domin nuna inda za ta nufa. Shekarunta biliyan 4.6, kuma irinta kan yi kimanin biliyan 10 a kan gwadabe kafin ta kumbura ta zama jan ƙato.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na hau dutse kafin asuba don neman Alpha Centauri. Ƙura ta rufe kudu tun daga ƙasa har kusan kamu biyu. Kuɗin babur zuwa da dawowa, naira 1,200.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na sake hawa da ƙarfe biyar saura kwata, tare da wani abokin aiki malamin labarin ƙasa. Iska ta kwanta tun jiya, jinjirin ƙarshen wata yana kudu maso gabas. Daga Dutse wannan tauraro ba ya wuce digiri 17 da 'yan kai a saman ƙasa, saboda haka sai an samu wurin da bishiya ko gini bai tare kudu ba. Mun same shi ba wuya, fari mai ɗan ratsin ruwan ɗorawa, tauraron Hadar yana damansa, taurari huɗun nan masu siffar gicciye kuma sun riga sun karkata yamma. Ido yana ganinsa ɗaya, amma biyu ne ke zagaya juna, kuma babbansu G2V ne, rukuni ɗaya da Rana harafi da lamba, a tazarar shekarar haske 4.4, haskensa ya ninka nata sau ɗaya da rabi. Abokina ya tambaya ko daga can haka Rana za ta bayyana. Na ce kusan haka, sai dai ta ɗan gaza shi haske, kuma za a gan ta ne a gefen taurarin Cassiopeia. Muna tsaye har aka kira salla a cikin gari, muka sauko.

Jimillar kuɗin da na kashe zuwa yau, har da babur na wannan safiya, naira 13,600. Abin da ya rage: kafinta zai yi wa taswirar firam da leda saboda ƙura, ya ce naira 6,000. Bayan salla zan sa kowane rukunin ɗalibai biyar su haɗa nasu akwatin, don haka ina buƙatar ƙarin faifan DVD goma da reza ashirin. Akwai kuma wani tauraro a tarin taurarin Kunama, 18 Scorpii, wanda ya fi Alpha Centauri kama da Rana, a tazarar shekarar haske 46. Darajar haskensa 5.5 ce, sai da madubi da sama mai tsabta, saboda haka na ajiye nemansa sai ruwan farko ya wanke ƙura.